Gwiwar Zipora

Malam Kalilu ya shekara ashirin da biyu yana koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a Jibiya, kuma in ban da tsohuwar besfa da agogon tsere da aka ba shi a wani kwas a Zariya, aikin bai bar masa komai ba. A kwas ɗin ne aka nuna musu tseren tafiya, gasar da ake taka ƙasa da iyakar sauri ba tare da an yi gudu ba. Ƙa'idojinta biyu ne kacal. Kada ƙafafu biyu su bar ƙasa lokaci guda, kuma ƙafar da ta sauka dole gwiwarta ta miƙe sambal har jiki ya wuce ta kanta. Sauran malamai suka yi ta dariya, wai wannan ai tafiyar mai jin fitsari ce. Shi kuwa abin ya shiga ransa. Ya dawo da ɗan littafin ƙa'idojin ya sa a ƙasan akwati, yana jiran ranar da Allah zai kawo masa mai tafiya.

Ya same ta a bakin iyaka, wajen Magama, wata Asabar da besfar ta nutse masa cikin yashi. Yana fama da ita yana gumi sai wata mata ta shige shi fuu, da rabin buhun shinkafa a ka. Kafin ya fitar da taya ta kai kayan ta dawo, ta sake shige shi. A karo na uku ya danna mata agogo tsakanin wata bishiyar bedi da rumfar mai faci, ya duba, ya girgiza agogon ya sake dubawa.

Sunanta Zipora, shekararta ashirin da bakwai, 'yar wani ƙauye ce bayan Daddara, cikin Maguzawan da suka shiga coci. Tana cikin matan da ke dako tsakanin ƙasashen biyu: mota ta sauke kaya a tsallake, su ɗauko a ka su bi ta yashin gulbi da hanyoyin gona, su kawo wa wata motar a wannan ɓangare. In sauran mata sun yi sawu biyu, ita ta yi huɗu. Uwarta Indo ta shekara talatin a wannan aiki, har wuyanta ya ƙage. In za ta dubi mutum sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Kalilu ya je har gida ya yi wa Indo bayani. Ya ce duk wanda ya ciyo wa ƙasa lambar yabo a gasar ƙasashe ana ba shi aikin gwamnati, da albashi da fansho, kuma mata masu wannan tsere ba su da yawa.

"Inna, in ta ciyo lamba, ta aje gammo ke nan har abada," in ji shi.

Indo ta juyo da jikinta ta dube shi. Zipora 'yar fari ce, don haka uwar ba ta kama sunanta. "Yarinyar nan? Don tahiya kawai za a ba ta aiki? Yo mu da muka ƙare rayuwarmu muna yin ta, wa ya ba mu ko sannu?" Ta shafa wuyanta. "In dai ba za ta zama kamar ni ba, ɗauke ta, Malam."

To, shekarar ita ce shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar. Kalilu da kansa ya je Katsina ranar, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe, ya dawo da farin ciki. Saboda haka bai so ya yi abin a ɓoye ba. Ya tafi gun mai unguwa da 'yan kwamitin hisba ya faɗa musu nufinsa. Wani daga cikinsu ya ce ya gwada musu tafiyar su gani. Bawan Allah ya tattare babbar riga, ya zagaya zaure yana karkaɗa ƙugu, dattawa suka yi dariya har da hawaye. Da suka tuna mace ce za ta yi hakan a bakin hanya, dariyar ta yanke. Suka amince, amma da sharaɗi: zane har idon sawu, mayafi ya sauko ya rufe ƙugu, ba cikin gari ba, ba goyo a besfa, kuma shi yana gaba ita tana baya. Da ya je wajen Elkana, baffan Zipora mai wa'azi a cocinsu, sai ya tarar shi ma maganarsa ke nan. Ya ce a irin wannan lokaci da ido ke kansu, ba 'yar cocinsa da za ta fito da ƙwauri waje.

In za a faɗi gaskiya, ba wanda ya matsa wa Kalilu. Daɗi ma ya ji. Mutum ne da tun tasowarsa bai taɓa duban macen da ba tasa ba ƙasa da haɓa, kuma sharuɗɗan nan sun sauke masa nauyin da bai san yadda zai ɗauka ba.

Haka suka fara. Kullum gari na wayewa, a kan jar hanyar da ta tashi daga Daddara ta nufi Magama, sai ka ga besfa tana tafiya a hankali da mutum mai agogo a wuya, bayanta mace cikin zane da mayafi tana jifa da hannuwa. Abin da yake gani nata shi ne abin da madubin besfa ya nuna masa, wato kai da kafaɗu. Kan nan kuwa ba ya ko motsi. Littafi ya ce gwanin tafiya kansa ba ya hawa da sauka, ga shi Zipora ko ƙwaryar nono aka ɗora mata ba za ta zubar da ɗigo ba. Duk kilomita sai ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba:

"Gwiwa hwa?"

"A miƙe take, Malam!"

Tambayar da amsar suka zame musu kamar gaisuwa. Manoma a bakin hanya har sun haddace, in sun hango besfa sai su riga shi tambaya. Wata shida, shekara, shekara da rabi, agogo kullum yana ba shi labari mai daɗi. Kilomita ashirin da ake yi a gasar mata, Zipora ta koma cinye su a lokacin da ya kusa da na waɗanda sunayensu ke bayan littafin. In ta gama ta ɗaura gammo ta tafi iyaka, don gida ba ya cin agogo.

Sau ɗaya shakka ta taɓa shi. Ya je gidansu, ya karya karan dawa biyu, ya nuna wa Indo ɗaya a miƙe, ɗaya da ɗan lanƙwasa. Ya roƙe ta ta shiga da Zipora cikin gida, ta sa ta ɗage zane ta yi tafiyar, ta duba masa da kyau wanne ne. Shi ya tsaya bayan danga yana kallon gona. Can sai ga Indo ta fito tana murmushi.

"Aradu, Malam, ba ta da aibi ko ɗaya. Ni na koya mata tahiya tun tana shekara shida da tulu a kai. Ƙahwar nan a miƙe take, kamar dai tawa."

Ya yi hamdala ya hau besfarsa. Ƙafar Indo ma, ba sai an faɗa ba, bai duba ba.

Gasar zaɓe da aka yi a kudu ba ta tona komai ba. Mata biyar ne suka fito, Zipora na cikin wani wando burmeme da Elkana ya yarda da shi bayan doguwar muhawara, alƙalai biyu kuma suna ƙarƙashin rumfa, ba abin da suke nema sai wadda za ta ɓarke da gudu. Ta ba ta biyu rata har ta sha ruwa ta zauna kafin waccan ta iso. Aka sa sunanta cikin masu zuwa gasar ƙasashen Afirka ta Yamma a Yamai. Ba a kira ta sansani ba. Aka ce tunda ita ce a bakin iyaka, ta same su a can.

Ranar tafiya matan dako suka ajiye aiki suka raka ta har shingen kwastan da guɗa. Indo ta karɓi gammon Zipora, wanda ya yi baƙi da gumi da man kai, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta wurga shi cikin kwari. Mata suka sake rangaɗa guɗa. Kalilu, da ya biyo a matsayin mai rakiya, ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya shiga gaban mota, Zipora ta shiga baya, suka wuce duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da jandarmomi suka kama hanyar Maraɗi.

A Yamai, da safen gasar, aka ce ba mai shiga da suturar da ta ɓoye gwiwa, don gwiwar alƙalai ke dubawa. Aka miƙa wa Zipora gajeren wando da riga mai lamba goma sha huɗu. Ta riƙe wandon ta yi kuka sosai, sannan ta share fuska ta sa. Kalilu yana can bayan igiya cikin 'yan kallo. Hanyar kwalta ce aka killace, zagaye ɗaya kilomita biyu, za a yi goma. Ya ce wa zuciyarsa zai duba sau ɗaya kawai, irin duban likita, Allah ya yafe masa.

Aka harba bindiga. Mata goma sha tara suka taso, Zipora ta fito gabansu tun kafin su kai inda yake. Ya sauke idonsa kan gwiwarta.

Taku goma ya ishe shi. Ƙafarta na sauka, gwiwar sai ta ɗan karye ta shanye nauyin jiki, sannan ta tura gaba. Ba wani lanƙwasa mai yawa ba ne, bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma yana nan a kowane taku, dama da hagu. Nan take ya gane dalilin da ya sa kanta ba ya motsi a madubi. Tafiyar mai kaya a ka ce, wadda ke hana tulu tangaɗi, ta hana wuya karyewa. Indo ba ta yi masa ƙarya ba, Zipora ma haka. Su a wajensu wannan ita ce miƙaƙƙiyar ƙafa, ba su taɓa sanin wata ba.

A zagaye na biyu wani alƙali ya ɗaga mata rawayan faifai na gargaɗi. Ta san ma'anarsa, Kalilu ya koya mata. Sai ta miƙe abin da ta san ana miƙewa: ta gyara baya, ta ɗaga wuya, ta ƙara wuta. Da ta iso daidai shi ya kwarma ihu da duk ƙarfinsa:

"Zipora! Gwiwa! Miƙe gwiwa!"

Ta dube shi, fuskarta cike da murna, don ta waiwaya ta ga ba kowa kusa da ita.

"A miƙe take, Malam!"

Wannan amsa da ya shekara biyu yana jin daɗinta, ranar ji ya yi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Akwai babban allo a bakin hanya inda ake liƙa jan kati gaban lambar mai laifi, in alƙalai uku suka ba da, an fitar da mutum. Katin farko ya hau gaban lamba goma sha huɗu a kilomita ta biyar. Na biyu a ta tara. 'Yan kallo ba ruwansu da allo, sai tafi suke suna kiran 'yar Najeriya, wasu Hausawan Yamai har da kirari. Kalilu kaɗai ya san abin da ke tafe. Duk zagaye sai ya yi ihun, duk zagaye sai ta ba shi amsar, har ya daina, don ya ga ba abin da zai gyaru a kan kwalta cikin rabin sa'a.

A kilomita ta goma sha uku kati na uku ya hau. Shugabar alƙalai, wata dattijuwa mai furfura cikin kayan aiki, ta shigo tsakiyar hanya ta ɗaga jan faifai. To, macen da ta girma tana dako a iyaka, in mai kayan sarki ya tare ta ya ɗaga hannu, jikinta ya san abin yi tun kafin ta yi tunani. Zipora ta goce ta gefe, ta sunkuyar da kafaɗa, ta ƙara sauri. Filin ya ɗauki dariya. Aka yi ta busa usur ana mata Faransanci, ita kuwa ta yi gaba abinta. Ta kusa gama wani zagayen kafin Kalilu ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ya tsaya a gabanta. Shekara biyu bayansa kawai take gani a hanya, yau ga shi ya fuskance ta.

"Tsaya, Zipora."

"Malam, matsa! Ni ce gaba!"

"Na sani. Tsaya. An hidda ki."

Ta tsaya tana haki. Suna nan tsaye a gefen kwalta matan da ta bari a baya suka zo suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsu a miƙe kamar taɓare. Ta bi su da kallo, ta sunkuya ta dubi nata gwiwoyin, ta daɗe tana dubansu.

"Mi ya sa ba ka hwaɗa mani ba?"

"Ban gani ba."

"Shekara biyu, Malam?"

Ya cire mayafinta daga jaka ya miƙa mata yana kallon wani waje, sai kuma ya ji haushin kansa, don ko yanzu abin da ya iya ke nan.

Da rana wani mai horarwa daga wata ƙasa ya neme su, da tafinta. Ya ce bai taɓa ganin mace mai irin wannan numfashi da ƙarfin ƙafa ba. Ya ce da tun farko wani ya duba, aikin wata uku ne a gyara gwiwar. Yanzu kuwa an shekara biyu ana dasa kuskuren da sauri a kan na yarinta, sai dai a rushe komai a faro daga rarrafe, kuma shekarunta ba za su jira ba. Yana faɗa ne don yabo, bai san yankan da yake wa Kalilu ba. Jagoran tawagar ƙasa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi badi ba za su sake sa tseren tafiya na mata cikin lissafi ba, abin dariyar da aka yi ya isa. Ya bar mata rigar sanyi ta tawaga, ya ce ta riƙe.

Daga Yamai har Maraɗi, Kalilu ya yi ta neman wanda zai ɗora wa laifin. Ya gwada 'yan kwamiti, ya gwada Elkana, ya gwada alƙalan rumfa, duk bai zauna ba. Ba wanda ya hana shi ya nemi malamar asibiti ko wata malamar makaranta ya nuna mata littafin. Ba wanda ya hana shi ya tsaya a tsakar gidan Indo, gaban uwa da baffa, ya duba taku goma. Kunyarsa ya tattala, yarinyar mutane ta biya.

Sun iso iyaka da la'asar. Motar Nijar ta sauke su a tsallake, sauran sai a ƙafa. Zipora ta dubi jakarta, ta dubi hanya, sai ta ciro rigar tawagar ta murɗe ta ta naɗe, ta ɗora a ka, ta aza jakar a kai. Kalilu ya biyo ta a baya, karo na farko. Matan dako suna ta ƙetare kwari da bido-bido, wato jarkoki, da buhuna, sun tattare zannuwa saboda ruwan da ya kwanta, kuma duk wadda ya duba gwiwarta haka take, a ɗan karye. Sama da shekara ashirin yana wuce su a wannan wuri.

Ya lura tafiyar Zipora ta sauya. Tana dasa diddige, tana ƙoƙarin ƙage gwiwa kamar yadda ta ga matan can suna yi. Jakar sai tsalle take a kanta, wuyanta na amsa kowane taku. Ta yi tuntuɓe, ta gyara, ta ci gaba da gwadawa, hawaye na bin fuskarta.

Labari bai riga su isowa ba. Indo na zaune gindin bedi tun hantsi, wasu mata sun taru kusa da ita, ɗaya har ta kama hanci za ta yi guɗa. Tsohuwar ta miƙe, ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Ta dubi wuyan 'yarta ba lamba, ta dubi fuskar Malam, ta dubi abin da ke ƙarƙashin jakar. Mai guɗar ta sauke hannunta.

Zipora ta ƙara taku biyu, jakar ta karkace za ta faɗi. Indo ta tare ta da hannu ɗaya, ta daidaita mata ita a tsakiyar kai, ta gyara naɗin rigar da ke ƙasa.

"Wace irin tahiya ce wagga? Sassauta gwiwar nan, so kike wuyanki ya ƙage tun yanzu? Akwai mota biyu da za su sauke da sahe."

Zipora ta sassauta. Jakar ta zauna daram, kanta ya daina motsi, ta bi bayan uwarta suka gangara hanyar Daddara. Kalilu ya tsaya da agogo a wuya yana kallonsu har suka shige cikin gero, kuma ko a lokacin ba wata mace a bakin iyakar nan da ta kai ta sauri.